Levana Ba Ta Tambaya

Duk wanda ya ce kishi kumallon mata ne bai taɓa zama da ƙanena Numeriyus ba. Ni na goya shi bayan rasuwar uwarmu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Tun yana ɗan mitsitsi, in ya gama gwaguyar ƙashin kaza ba ya yarwa, sai ya cusa shi ƙarƙashin shimfiɗa don kada kare ya samu. Shi ba ci zai yi ba, ba kuma zai bari wani ya lasa ba. Ya girma ya zama ƙato, yana cikin masu jan jiragen hatsi da igiya daga Ostiya su hauro kogi har Rum, wuyansa kamar na bijimi, amma halin nan yana nan inda na san shi. Da ya auri Salbiya sai abin ya samu wurin zama.

Ni ce Hereniya, sunan da kowace mace ta gidan Hereniyus take ɗauka daga ubanta. Ungozoma ce ni a unguwar Subura, cikin birnin Rum. Rabin yaran unguwar nan ta hannuna suka shigo duniya, iyayen sauran rabin kuwa har yau suna da-na-sani.

Ba zan ɓoye ba, Salbiya ba ta taɓa kwanta mini a rai ba, kuma ba abin da ta yi mini. 'Yar kudu ce, daga wajajen Tarentum, inda suke da nasu harshen da nasu allolin. Irin matan nan ce da in suka je ɗiban ruwa sai ƙishirwa ta kama duk mazan layin a lokaci guda. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ita ba ta ma lura. Ni na yi shekaru ina bin hanyar nan da tulu a ka, ko mai gyaran takalmi bai taɓa ɗago ido ba.

Gidanmu dogon bene ne na haya, irin wanda in mutum ya yi atishawa a ɗakinsa sai maƙwabta sun yi masa sannu. Su Numeriyus suna can ƙololuwa tare da tantabaru, ni ina ƙasa da su. A can gindi kuma gidan gurasar Hilarus ne, da tandarsa da jakinsa mai juya dutsen niƙa, ƙofarsa ta baya tana buɗewa cikin tsakar gida. Hilarus 'yantaccen bawa ne daga Suriya, mai wushirya, mai dariya kamar biyansa ake yi. Matarsa ta mutu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, a hannun wata ungozoma, ba ni ba. Tun daga nan ba yaron da zai wuce ƙofarsa bai samu gutsuren gurasa mai zafi ba. Kowa yana yi wa gyara, har ni da nake zaginsa kullum kan tsakuwar da nake taunawa a gurasarsa. Amma gyaran Salbiya kaɗai Numeriyus ya gani.

In ya dawo daga kogi, kafin ya ajiye igiya sai ya ɗauki mayafinta ya shinshina.

"Ƙamshin gurasa nake ji," in ji shi.

"To a gidan nan mene ne ba ya ƙamshin gurasa?" na ce masa. "Shinshina ni ka ji. Shinshina tantabarun ma."

Da ciki ya bayyana sai ya koma lissafi. Ya ƙirga watanni da yatsu, abin ya faɗa daidai lokacin da ambaliya ta hana jirage tafiya, yana zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Wani da murna zai yi. Shi sai ya sake ƙirgawa, ya sauko ɗakina ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Yaya, ke kin san aikin nan. Ciki yana ƙarya?"

"Ciki ba ya ƙarya. Kai ne dai ka rasa abin yi."

"Ai lokacin ambaliyar ma ina fita. Ina zuwa wanka, ina zuwa aski."

"Da sai ka ɗaura ta a ƙugu ka tafi da ita gidan wankan maza, ka ga hankalinka ya kwanta."

"Ke komai wasa ne a wurinki. Ba ki ga yadda yake mata dariya ba?"

"Hilarus jakinsa ma yana yi wa dariya. Je ka tuhumi jakin."

Ya haura yana gunaguni. Na ɗauka abin zai wuce in cikin ya tsufa, don na ga maza da yawa sun yi laushi in suka ji ɗa yana harbi a ƙarƙashin tafin hannunsu. Nawa ƙanen da ya ji harbin sai ya ce ƙarfin ya yi kama da na mai kwaɓa ƙullu.

Da watanta ya kusa, wata rana da yamma na hau na shafa mata man zaitun, ina koya mata sunayen allolin da za ta kira, tunda ba a nan ta tashi ba. Numeriyus yana zaune a bakin ƙofa yana tufkar igiya, kunnensa a wurinmu.

"Juno ta haihuwa kin san ta," na ce. "Bayan ita akwai ƙanana. Vagitanus shi ke buɗe bakin jariri ya yi kukan farko. Rumina ta nono ce, Kunina ta gadon jariri. Amma kafin a kai ga nono da gado sai an bi ta hannun Levana."

"Kai, Yaya, allolinku sun yi yawa," in ji Salbiya tana dariya. "Mu a garinmu uwa ɗaya ce take yin duk wannan, ba ta kuma gaji ba. Ina ɗakin ita Levanar in kai mata zuma?"

"Ba ta da ɗaki. Ba ta da gunki, ba wanda ya san fuskarta. Suna kawai gare ta, sunan ma aikinta ne. Ai kin sha jin su Numeriyus a bakin kogi in za su cicciɓi buhu suna ihu, leva, leva. To daga nan ne. Levana, mai ɗagawa ke nan, ba wani abu ba."

"Me take ɗagawa?"

Na dube ta. Ashe ba wanda ya gaya mata. Sai na ce mata a Rum haihuwa kaɗai ba ta isa ba. In jariri ya faɗo aka yanke cibi, ungozoma za ta kwantar da shi tsirara a kan ƙasa a gaban uban. In ya sunkuya ya ɗaga shi, ya zama ɗan gida, a yi masa wanka, a ba shi nono, a raɗa masa suna. In ya juya baya, sai a kai shi gindin ginshiƙin nan na kasuwar ganye a ajiye, duk wanda ya so ya ɗauka ya raina, ko ɗa ko bawa. In ba a samu mai so ba kuma, shi ke nan.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Don in sassauta mata sai na ba ta labarin da kakarmu take ba mu.

"Wai lokacin da Rum take 'yan bukkoki a kan tudu, alloli suka zauna rabon aiki. Wannan ya ɗauki tsawa, wannan teku, wannan yaƙi, har ƙofa da sakata sai da aka samu masu so. Wata 'yar ƙaramar allahiya ta makara, ta zo ta tarar an wawashe komai, ko suna ba a rage mata ba. Tana tsaye tana ƙyashin 'yan'uwanta sai ta hango wata bukka. An haifi jariri yana kwance a ƙasa, domin duk abin da aka haifa na Ƙasa ne, ita ce uwa ta farko, kuma ba ta son sakin abinta. Uban yana tsaye a kansa sandare kamar turke, yana ta tunane-tunanen nan na maza. Sai ta zagaya bayansa, ta dafa ƙeyarsa, ta danna. Ya sunkuya, hannu ya riga tunani, sai ga ɗa a ƙirjinsa. Matan da ke wurin suka ce wa ya yi wannan? Ba su ga kowa ba, ba su san me za su kira ta ba, sai suka kira ta da abin da suka ga an yi. Rabonta ke nan a duniya, daga ƙasa zuwa ƙirjin uba. Da ɗa ya iso nan ta gama, sai ta wuce gida na gaba."

Numeriyus ya tofar da zaren da ke bakinsa.

"Allahiyar banza ke nan. Da tana da amfani da Mai Sani aka sa mata, ta raɗa wa mutum a kunne ɗan waye kafin ya karya bayansa."

"Ba sunanta ke nan ba," na ce. "Levana ba ta tambayar ɗan waye, ba ta tambayar me ke ranka. Hannu take kallo. In ka ɗaga ka ɗaga, ko sanata ne kai ba ka isa ka mayar ba."

"To ta zo ta danna tawa ƙeyar mu gani. Na rantse da Harkulis, in abin nan ya fito da hancin mai gurasa, bayan nan nawa ba zai tanƙwaru ba."

Salbiya ta rungume cikinta da hannu biyu.

"Numeriyus, me na yi maka? Ka ce kar in ƙara sayen gurasa a ƙasa, na daina, ina jan wannan cikin har layin majema. Ka ce kar in leƙa taga, na toshe ta da tsumma. Me ya rage?"

"Ai da ba ki da abin ɓoyewa, da ba ki daina da sauri haka ba."

Na so in fasa masa kwalbar man a ka. Amma ina saukowa matakala, abin da ke cin raina ba tausayinta ba ne kaɗai, har da ƙyashi, kuma na san shi sarai. Ni ma na taɓa kwanciya inda take kwance. Mijina Ofiliyus, kada ƙasa ta yi masa sauƙi, bai taɓa shinshina mayafina ba. Da zan yini a sansanin soja ba zai tambaya ba, muddin wakensa ya dahu. Ranar da na haihu aka kwantar da 'yar a gabansa, ina kallo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Bai yi fushi ba, bai zarge ni da kowa ba. Ya leƙa ya ce, "Af, mace ce," ya zagaye ta yadda ake zagaye ruwan da ya kwanta a hanya, ya tafi kallon tseren dawaki. Uwarsa ce ta kai ta ginshiƙi. Da na iya tsayuwa na ja ƙafa na je, ban tarar da kowa ba sai wata mai sayar da albasa da ta ce ita ba ta ga komai ba. Ban sake haihuwa ba, kuma har yau in na ga mace sa'arta a kasuwa sai na kalli kunnuwanta, ko zan ga irin na gidanmu.

Saboda haka in na ga ƙato kamar Numeriyus ya rame, ya daina cin abinci, don kawai wani ya yi wa matarsa dariya, sai in ji haushinsa, in ji haushinta, in rasa wanne ya fi.

Mu ungozomomin benaye muna da dabararmu. A sama ba ƙasa sai katako, don haka kowacce tana da kwandon ƙasa da take hawa da shi, ta baza a bakin ɗaki ta kwantar da jariri. Uba ya yi abin da zai yi, ba mai gani sai 'yan gida, in abin kunya ne ya tsaya a nan. Nawa kwandon na cika shi tun da wuri, na ajiye a bayan ƙofata.

Naƙuda ta kama ta da sassafe, kafin rana ta kai tsaka ta sauka. Mace ce, lafiyayya, Vagitanus kuwa ya yi aikinsa har ya wuce gona da iri, don ina jin har bakin kogi an ji kukan. Na yanke cibi na duba fuskar. Jarirai duk kamarsu ɗaya ce, ta tsohon sanata da aka katse wa magana. Ba hancin Hilarus, ba na Numeriyus, wani ɗan tsiro ne kawai a tsakiyar fuska. Wannan ne ya tayar mini da hankali, domin na daɗe da sanin cewa mai neman abu a fuskar jariri yakan samu abin da ya zo nema.

Salbiya ta cafke hannuna.

"Yaya, kar ki ajiye ta. Ki miƙo mini ita in ba ta nono, kowa ya yi shiru."

"Ba a yin haka, kin sani."

"To ki roƙe shi. Yana jin maganarki."

"Tun yaushe?"

Na naɗe 'yar a zane na fito. Numeriyus yana zaune a kan matakala, ido jajir, ya tauna farcensa har ya yi jini.

"Mace ce," na ce.

"Ɗauko kwandon mu gama."

Yadda ya faɗi "mu gama" ɗin nan ya ishe ni amsa. In na baza ƙasar a nan, daga ni sai shi sai tantabaru, zai duba ya juya baya, kuma ba abin da zai sa ya juyo. Roƙo ba zai yi ba, zagi ba zai yi ba, na gwada duka tun yana yaro. Sai ƙashin kazar nan ya faɗo mini a rai.

"Kyanwa ta yi fitsari a kwandon," na ce. "Ba zan kwantar da jinin gidanmu a kan fitsarin kyanwa ba. Tsakar gida za mu."

"A gaban mutane?"

"Ƙasa a can take. In kana da wata a hammata, fito da ita."

Na yi gaba, ya biyo ni don ba yadda zai yi. Kukan jaririyar ya riƙa buɗe ƙofofi hawa-hawa, kafin mu kai ƙasa rabin gidan yana bayanmu. Matar wani majemi ta fito da ludayi a hannu, wani tsohon soja mai ido ɗaya ya jawo kujerarsa kamar an kira shi kallon wasa. Hilarus ya leƙo ta ƙofar baya, gari har gwiwar hannu, yana cewa barka, barka.

Na durƙusa a inuwar bango na warware zanen, na kwantar da ita a kan ƙasa. Na ja da baya na mayar da hannuwana baya yadda aka saba, domin daga nan ba macen da za ta taɓa ta sai uba ya yanke.

Numeriyus ya tsuguna, bai taɓa ba. Ya dubi hancin, ya ɗago ya dubi Hilarus, ya sake duban hancin. Ya zagaya ya duba ta gefe.

"Kai, ɗauki 'yarka mana!" in ji matar majemi. "Kifi kake saye da za ka yi ta juya shi?"

"Goshin nan naka ne, ba gardama," in ji tsohon soja. "Ni da ido ɗaya ma na gani. Ga taurin kai tun yanzu."

Aka kwashe da dariya, kuma dariyar ce ta ɓata komai, domin Hilarus ma ya yi, wushiryar nan a waje. Numeriyus ya gani. Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwoyinsa.

"Ban san ta ba," ya ce.

Ya juya ya fuskanci bango, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan 'yar da ƙarar dutsen niƙa. Can sama aka fizge tsumman taga, sai muryar Salbiya tana kiran sunansa, tana kiran nawa. Bai motsa ba. Na ce a raina, Hereniya, wayonki ya kashe ki, kin kunyata shi a gaban jama'a kin ƙara masa tauri. Yanzu ni ce zan naɗe ta in bi hanyar kasuwar ganye da ita, in ajiye ta a gindin ginshiƙin nan da ƙafafuna suka fi sani. Na fara miƙa hannu ga zanen.

"Hereniya."

Hilarus ne. Ya daina dariya, yana goge hannuwansa a jikin taguwarsa, yatsa bayan yatsa.

"Ya juya ke nan?"

"Ai ka gani."

"To ba sai kin wahala zuwa kasuwar ganye ba. Abin da za a ajiye wa duk mai wucewa, ai gara na kusa ya ɗauka. Ina da ɗaki, ina da wuta, ba za ta san yunwa ba. Kuma ku shaida, ba baiwa zan mayar da ita ba, 'ya zan raina." Ya ɗaga kai wajen taga. "A nan tsakar gidan za ta tashi, uwarta tana ganinta kullum. In ta so ta sauko ta ba ta nono ma, safe da yamma ƙofata a buɗe take."

Da idona na ga ƙeyar Numeriyus ta motsa.

Hilarus ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu, yana cewa zo, zo, 'yar gurasata. Yatsunsa ba su kai ga taɓa ta ba sai muka ji wani gurnani irin na bijimin da aka taka wa wutsiya. Numeriyus ya bangaje shi da kafaɗa, mai gurasa ya yi can ya faɗa kan kwamin jakinsa. Kafin kowa ya ƙifta ido 'yar tana ƙirjin ƙanena, hannu ɗaya a ƙarƙashin kanta kamar wanda ya shekara yana raino.

"Kar ka taɓa! Kar ka kuskura ka taɓa! Matata ba ta ishe ka ba sai ka haɗa da 'yata?"

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya tsaya da baki buɗe.

"Ya ɗaga!" matar majemi ta ƙwala, tana kaɗa ludayi. "Ya ɗaga! Levana ta gani!"

Matan da ke kan matakala suka amsa, aka yi ta maimaitawa har sama.

"A'a, ku tsaya," in ji Numeriyus. "Ni ba ɗagawa na yi ba. Hana shi kawai na yi."

"Daga ƙasa zuwa ƙirji, ɗan samari," in ji tsohon soja. "Mu a nan sunansa ɗagawa."

"Ƙyale shi," na ce. "Ajiye ta, Numeriyus, tunda kuskure ne. Ga ƙasa, ga Hilarus."

Ya dubi ƙasar. Ya dubi Hilarus, wanda ya tashi zaune yana kallon 'yar ba ya ko ƙiftawa. Sai ya ƙara matse ta, ya juya kafaɗa ya kare ta daga idon mutumin.

"Ba zan ajiye ba," ya ce. "Ke kuma me kike jira? Ba ki ga ƙasa a bayanta ba? Ina ruwan wankan?"

Aka bi shi da shewa ya haura, yana yi wa duk wanda ya matso kusa tsawa. Ba wanda ya waiwayi Hilarus sai ni. Ban gaya masa komai ba, ban haɗa baki da shi ba, na dai san shi yadda na san ƙanena. Da gaske yake, shi ya sa abin ya yi aiki. Yana zaune a ƙasa yana kallon tafin hannuwansa da ya goge tas. Can ya tashi ya ce gurasarsa tana ƙonewa, kuma tana ƙonewar. Ranar ba wanda ya samu gyara.

Na tarar da Salbiya ta rarrafo har bakin ƙofa.

"Yaya, da zuciya ɗaya ya ɗaga?"

"Na gaya miki ba ta tambaya. Ke ma kar ki tambaya."

Na yi wa 'yar wanka, na miƙa ta ga nono, na ɗaura ganye a ƙofarsu, alamar an yi haihuwa. Da na sauko ɗakina ga kwandon nan a bayan ƙofa, ƙasarsa tsaf, ba kyanwar da ta kusance shi. Na zauna kusa da shi na yi wa Levana faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ina kike ranar tawa? Gidan nan kin hau shi kin sauka saboda 'yar kudu, ni 'yar garinki ko leƙowa ba ki yi ba. Daga baya na yi tunanin ko ta zo ɗin, ta zagaya bayan Ofiliyus ta rasa abin kamawa. Mai fushi ana iya danna shi, mai kishi ma haka, amma shi tuni hankalinsa yana wurin dawaki. Da ya zarge ni da maza goma, da ya fasa tukwanena, da ya ja ni a ƙasa a gaban maƙwabta, da wataƙila yau ina da mai kawo mini ruwa.

Kada a ɗauka Numeriyus ya warke. Har gobe yana shinshina mayafi, sai ma abin ya ƙaru, don yanzu mutum biyu yake gadi. Ba mai ɗaukar masa 'ya, har ni da na yanke mata cibi sai ya tsaya a kaina yana cewa ya isa haka. In ta yi tatata wajen ƙofar gidan gurasa, daga ƙololuwar bene za ka ji ihunsa. Salbiya tana kawo mini ƙararsa tana share hawaye, ni kuwa ina ba ta haƙuri da baki, zuciyata tana cewa ke dai kin samu.

Ranar suna ba a sha wahala ba. 'Yar gidan Hereniyus ce, don haka Hereniya ce kamar ni. Tawa 'yar da Ofiliya za a kira ta, amma wanda ba a ɗaga ba ba a raɗa masa suna. Yanzu yarinyar tana gudu a tsakar gida, goshin nan kuwa na ubanta ne sak. Da yamma in Numeriyus ya dawo daga kogi, tun daga bakin layi yake ƙwala kira da wata murya da ban san yana da ita ba: "Hereniya! Ina kike? Wa ya taɓa mini ke yau?" Na san da wa yake. Amma har yau sai na ajiye abin da ke hannuna na juya.